Wai da gaske akwai na'urar da ke gane ƙwayar cutar ƙurjin haƙori cikin mintuna?

Ɗalibar_lab ta rubuta:

Slm jama'a. Dan Allah ma'aikatan lab da likitocin haƙori da suke nan inada tambaya, ku yi haƙuri in tayi tsawo. Ni ɗaliba ce, yanzu muna kan darasin bakteriyar nan da basa son iska, wato anerob, abinda aka koya mana shine in aka kawo mugunya daga ƙurjin haƙori ko kumburin muƙamuƙi sai an shuka ta a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a saka a tulun da ake cire wa oksijin, a bari sai bayan awa 48 kafin ma a buɗe a leƙa, wani sa'in har sati ana jira, sannan fa a fara gwaje-gwajen neman sunan ƙwayar. To sai kuma nake jin wai yanzu akwai hanyar kemistiri da take faɗin sunan ƙwayar cikin 'yan mintuna, wannan yace MALDI wancan yace GC, ni duk sun cakuɗe min a kai. Abu ɗaya ne ko daban-daban? In kuma da gaske mintuna ne, meyasa har yanzu rizol ɗin mugunya yake kwana da kwanaki? Abinda ma yafi ɗaure min kai, mutumin da fuskarsa ta kumbura bakinsa baya buɗuwa ai ba za'a zauna jiran lab ba kafin a taɓa shi, to shi me saurin ya ƙara masa? Ngd.

Tsohon_benci ya rubuta:

Wslm 'yata. Daban-daban ne, amma dabarar ɗaya ce. Da can ta halinta muke gane ƙwaya, a bata suga iri-iri a ga wanne zata ci, a jira ruwan gwaji ya canja kala, kuma duk wannan sai ta ƙara girma, wato ƙarin kwana kenan. Hanyar kemistiri bata jiran ƙwaya tayi komai, kayan jikinta ake aunawa kai tsaye. Bari in miki ta MALDI-TOF tunda ita nake taɓawa, GC nasan akwai masu ita a nan, zasu fito.

Tsinke zaki ɗauka ki taɓo koloni ɗaya, wato tarin ƙwayar da ta tsiro wuri guda, daga faranti, ɗan mitsitsi wanda da ƙyar ido zai gani, ki shafa a kan wani faifan ƙarfe mai ƙananan da'irori. In ƙwayar mai taurin bango ce, irin su Actinomyces da sauran Gram fozitif, masu fitowa shuɗi a rinin Gram (masu fitowa ja su ne Gram negatif), sai ki fara ɗiga mata fomik asid ya fasa ta. Sannan ki ɗiga ruwan da ake cewa matiris, yawanci HCCA ne, ki bari ya bushe ki tura cikin na'ura. A ciki leza ce take dukan wurin, matiris ɗin shi yake shanye ƙarfin hasken ya tashi sama da furotin ɗin ƙwayar ba tare da sun daddatse ba, kowanne ya ɗauki caji, lantarki ya cilla su cikin wani bututu da aka zuƙe wa iska. Mara nauyi ya riga kaiwa ƙarshe, mai nauyi ya biyo baya, daga ɗan lokacin da kowanne ya ɓata a hanya ake lissafa nauyinsa. Nauyin da dalton ake auna shi, tsakanin 2,000 zuwa 20,000 ake kallo, kuma yawancin abinda ke fitowa a nan furotin ɗin ribosom ne, wato ɓangaren da ke ƙera wa ƙwaya furotin, suna da yawa a jikin ƙwaya kuma basu cika canjawa ba don an canja mata faranti. Shi yasa kowane jinsi yake fitar da nasa tsarin, kamar zanen yatsa, kwamfuta ta ɗauka ta gwada da waɗanda ke rumbunta ta baki suna da maki. A na'urar Bruker in makin ya kai 2.0 an yarda da sunan jinsi, daga 1.7 zuwa ƙasa da 2.0 sunan dangi kawai zaki rubuta, ƙasa da haka ki sake shafawa. VITEK MS ta bioMérieux ita kaso cikin ɗari take bayarwa.

Ba sabon abu bane fa. Tun 1975 Anhalt da Fenselau a Amurka suka nuna ana iya bambance bakteriya da na'urar auna nauyin sinadarai, matsalar lokacin manyan furotin farfashewa suke kafin a kai ga auna su. A shekarun 1980 Karas da Hillenkamp a Jamus da Koichi Tanaka na kamfanin Shimadzu a Japan suka samo yadda za'a tada su lafiya lau, Tanaka ya samu Nobel a 2002, amma sai 2013 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta amince da na'urorin nan biyu don aikin asibiti, Turai sun riga su farawa.

To ga inda mintunan suke ruɗin mutane. Ki lura nace koloni ɗaya DAGA FARANTI. Na'urar tsantsar ƙwaya guda take so, ƙurjin haƙori kuwa taron dangi ake masa, a ƙurji ɗaya sai ki samu jinsi huɗu, biyar, shida, Streptococcus anginosus da 'yan uwanta, Prevotella, Fusobacterium nucleatum, Parvimonas micra, Porphyromonas, ga kuma matattun fararen ƙwayoyin jini da jinin kansa, su ma ai furotin ne kuma sun fi na bakteriyar yawa nesa ba kusa ba. In kika shafa ɗanyar mugunya a faifan komai hawa kan komai zai yi, kwamfuta tace bata gane ba. Dole a shuka a rarrabe su. Su strepto kwana ɗaya sun tsiro, Prevotella da Porphyromonas kwana biyu zuwa biyar, baƙin kalarsu ma wani lokaci sai ya kai sati kafin ya fito sosai, Actinomyces kuwa har sati biyu ake ajiye mata faranti. Babu na'urar da ta rage wannan jiran. Ƙarshen aikin ta gajarta. Da, bayan koloni ta fito sai ki sake shuka ta ita kaɗai, ki gwada ko tana jure iska, ki saka ta a katin gwaji, kwana biyu uku sun ƙara tafiya kuma a ƙarshe sau da yawa "anerob Gram negatif" kawai zaki rubuta don kin kasa kaiwa ga suna. Yanzu ranar da kika buɗe tulu kika ga koloni iri biyar, ranar zaki iya rubuta suna biyar kafin ki tashi aiki.

Sannan ki riƙe cewa abinda ke rumbunta kaɗai ta sani. Bakin ɗan Adam yana ɗauke da jinsin bakteriya wajen 700, kusan kashi ɗaya cikin uku ba'a taɓa iya shuka su ba, wanda bai tsiro ba kuwa bazai taɓa zuwa gaban leza ba.

Likitar_baki ta rubuta:

Ƙanwata tambayarki ta ƙarshe tawa ce, kuma gsky ranar farko saurin bai ƙara masa komai ba. Mutumin da ya zo ƙasan haɓarsa ya kumbura ɓangare biyu yayi tauri, harshe ya ɗago sama, miyau na zuba don ya kasa haɗiya, murya ta canja, wannan shine ciwon da Wilhelm von Ludwig ya siffanta a Jamus tun 1836, kuma toshewar numfashi ce take kashe mai shi. Numfashi muke fara cetowa, sai tiyata, a tsaga a fitar da mugunya a saka robar da zata ci gaba da tsiyaye ta, a cire haƙorin da ya jawo abin, yawanci turmin ƙasa ne na biyu ko na uku saboda saiwarsu tana sauka ƙasa da inda tsokar ƙasan baki ta manne da ƙashi, shi yasa mugunyarsu take gangarawa wuya maimakon ta fashe cikin baki. Antibayotik ta jijiya nan take muke farawa bisa abinda muka san ya saba zama a wurin, amoksisilin mai haɗe da kilabulanik asid, ko fenisilin da metronidazol, wanda jikinsa baya karɓar fenisilin a bashi kilindamaisin duk da ita ma ƙwayoyin sun fara raina ta. Ƙaramin ƙurji a mutum mai lafiya ma yawanci ko lab bama aikawa, a buɗe haƙorin a wanke saiwar ko a cire shi, shikenan.

Rana ta uku nake neman Malam Tsohon_benci da lab ɗinsa da idona rufe, in zazzaɓi yaƙi sauka, kumburi na ƙaruwa duk da an tsaga. Haka mai ciwon suga, da wanda garkuwar jikinsa tayi ƙasa, da wanda ciwon ya ci ƙashin muƙamuƙi, da wanda aka taɓa gasa wa wurin da na'ura saboda ciwon daji, da mai shan magungunan ƙashi irin bisfosfonet. A irin waɗannan rizol ya zo rana ta uku ko ya zo ta shida ba ƙaramin bambanci bane.

Kinga in Malam ya rubuto min Eikenella corrodens nasan kilindamaisin da metronidazol duk basa mata komai, in mara lafiyar a kansu yake a take zan canja. In Actinomyces ce metronidazol bashi da amfani, kuma magana ta tashi daga maganin sati ɗaya ta koma watanni ana shan fenisilin ko amoksisilin. Klebsiella a mai suga, ko Staphylococcus aureus, su ba 'yan gida bane a ƙurjin haƙori, ƙila abinda na fara dashi baya musu aiki. Streptococcus intermedius ko constellatus in na gani sai in ƙara sa ido, dangin nan sun iya tafiya nesa su tara mugunya, ƙwaƙwalwa, huhu, hanta, mara lafiya yana cewa kansa na ciwo zan nemi hoto. Fusobacterium necrophorum kuma jijiyar wuya zan sa a duba ko jini ya daskare a ciki, ciwon da André Lemierre ya yi rubutu a kai a 1936. Wato sunan kaɗai yana faɗa min abubuwa tun kafin gwajin wane magani ke kashe ta ya fito.

Amma duk wannan in samfurin na kirki ne. Audugar nan ta kan tsinke da ake dangwalowa daga cikin baki bayan an cire haƙori, wlh ɓata wa lab lokaci ne, miyau ta kwaso, na'ura zata baki sunaye masu kyau da maki mai kyau na ƙwayoyin da suke zaune lafiya a bakin kowa. Sirinji ake sawa a zuƙo daga cikin ƙurjin, in ta fata ne a goge fatar sosai tukuna, a fitar da iskar da ta shiga, a juye a kwalbar da aka tanada don anerob, a kai lab ba tare da ya yini a kan tebur ba, kuma in da hali kafin allurar farko ta antibayotik. In ƙashi ne ɗan gutsuren ƙashin ko naman wurin ya fi mugunyar ma.

Ɗan_GC ya rubuta:

Malam Tsohon_benci ranka ya daɗe, "dole a shuka" ɗin nan ne nake da ja a kai. Ga MALDI dole ne, amma ba ita kaɗai bace kemistiri.

'Yar'uwa ga yadda abin yake. Anerob in suna cin furotin da suga suna zubar da wasu ƙananan asid masu tashi a iska, butirik, aisobutirik, balerik, aisobalerik, kafroyik, su ne babban ɓangare na warin nan da yake cika ɗaki in an tsaga ƙurji, ragowar sinadaran sulfa ne. Strepto da stafilo basu cika yin waɗannan ba, yawanci a laktik da asetik suke tsayawa. To tun shekarun 1970 mutane suka ce meye na jira, a ɗebi mugunyar kanta, a zuba mata asid, a girgiza ta da sinadarin eta, a zuƙi saman da ƙaramar allura a tura cikin GC. Ita GC wani dogon siririn bututu ne a naɗe cikin akwati mai zafi, gas yana tura samfurin, kowane sinadari yana manne wa bangon bututun gwargwadon halinsa don haka kowanne da lokacin fitowarsa. Cikin ƙasa da awa ɗaya kin san akwai anerob ko babu, ranar da aka kawo samfurin, babu tulu babu inkubeta. Ki duba tarihin darasin da kuke yi ma, Holdeman da Moore na Virginia Polytechnic da wannan hanyar suka tsara sunayen anerob da yawa. Fusobacterium butirik take zubarwa da yawa ba tare da aiso ɗin ba, Porphyromonas tana haɗa butirik da aisobalerik, Actinomyces saksinik da laktik, su waɗannan biyun basa tashi a iska sai an ɗaura musu metil kafin su bi bututun.

Wannan tsohuwar kenan. Akwai wadda ta fi ta zurfi, a haɗa GC da na'urar auna nauyi, GC-MS, a daina neman abinda ƙwayar ta zubar a nemi kitsen jikinta. Bangon kowane rukuni da irin asid ɗin kitsensa. Masu haidroksi a kabon na 3 daga bangon Gram negatif suke, tubakulostiyarik na dangin Mycobacterium da Nocardia ne, muramik asid, shi ba kitse bane amma na bangon bakteriya ne jikin mutum baya yinsa, ergosterol kuma in ya fito fungas ne. A Rasha Osipov da abokan aikinsa sun gina hanya guda a kan wannan, a auna alamomi da yawa a samfur ɗaya a lissafa su waye a ciki, cikin 'yan awanni, kuma likitocin baki da muƙamuƙi na can suna cikin masu amfani da ita.

Abinda nake so a lura dashi, kitse baya mutuwa. Samfurin da Dakta take kuka dashi, wanda ya sha iska, ko na mutumin da ya kwana biyu yana shan antibayotik kafin ya zo, Malam zai shuka ya jira ya rubuta babu abinda ya tsiro, MALDI ɗinsa na zaune bata da abin harbi, ni kuwa bututuna zai gani.

Mai_karatu ya rubuta:

Ni ba ɗan lab bane ina bin ku ne kawai, amma da naji maganar wari da sulfa, dan Allah Dakta irin wannan awon ne ake yi wa mai warin baki? Kuma mutum zai iya zuwa a auna masa ya san ko ƙurji na shirin fito masa?

Likitar_baki ta rubuta:

Dangin juna ne Malam. Warin baki yawanci haidrojin salfaid ne da metil makaftan da anerob na bayan harshe da aljihun dasashi suke fitarwa, akwai Halimeter mai auna jimillarsu, akwai OralChroma wadda ita ƙaramar GC ce tana rarrabe su. Akwai kuma gwajin BANA da Walter Loesche ya kawo, a shafa dattin haƙori a takarda a ɗumama, in ta koma shuɗiya akwai ɗaya cikin Porphyromonas gingivalis, Treponema denticola ko Tannerella forsythia, amma bata ce maka wacce ba. Duk na ciwon dasashi ne da wari, basa hango ƙurji. Ƙurji duba haƙori da hoto ke nuna shi. In kuma kumburi ya riga ya fito har baki yaƙi buɗuwa, ko haɗiya na wahala, ko ya doshi ido ko wuya, ga zazzaɓi, ba awo ake nema ba, asibiti ne a daren.

Tsohon_benci ya rubuta:

Ɗan_GC na yarda da rabi. Gaskiya ne mataccen samfur kai kana gani ni bana gani. Amma tambayi Dakta, in ka kira ta bayan awa ɗaya kace akwai anerob a mugunyar turmin haƙori, me zata ce maka? Tun kafin ta tsaga ta ɗauka akwai, maganin da ta fara ma saboda su ne. Amsar tana da daraja a mugunyar da ba'a san asalinta ba, a baki kuwa labarin da kowa ya sani ne. Ita Eikenella take son ji, ko Klebsiella, kuma tsohuwar GC bata kai nan.

Ta alamomin kitsen kuma matsalata da ita, asid ɗaya sai ka same shi a jinsi goma, ga kitsen mara lafiyar kansa a cakuɗe, to daga tarin lambobi zuwa jerin sunaye lissafi ne da zato mai yawa a tsakani, ba irin koloni da na gani da idona na harba ba. Kuma wannan fa'idar taka ita ce aibinta, bata bambance rayayye da matacce, bayan kwana biyar ana magani zata ci gaba da nuna maka gawa. Sannan babu abinda zaka ɗora wa gwajin magani tunda baka da ƙwaya a hannu. Shi yasa yawancin lab na asibiti suka ajiye GC ɗinsu, in shuka taƙi kuma lallai ana son suna, PCR na 16S ake aikawa, gwajin da ke karanta ƙwayar gadon bakteriyar.

'Yata kar na'urori su sa ki raina ƙaramar kemistirin da ke kan bencinki. Rinin Gram tun 1884 yake, minti 15 ne, kuma a ɗanyar mugunya ake yinsa, kika ga siraran sanduna ja masu tsinin baki biyu kin san Fusobacterium nucleatum na nan, kika ga zare-zare masu rassa shuɗi ki fara tunanin Actinomyces, ki ɗaga waya a lokacin. Faranti ya fito ki haska masa fitilar UV a duhu, Prevotella masu baƙin kala ja suke yi jawur kafin baƙin ya rufe su, Porphyromonas gingivalis bata haskawa, nucleatum kore-kore mai rawaya. Sai naitirosefin, wannan shi nafi so, ki shafa koloni a ɗan faifan, in ya juya daga rawaya zuwa ja cikin rabin awa ƙwayar tana fitar da sinadarin da ke karya fenisilin, Prevotella da yawa suna yi, kuma wannan amsa ce da MALDI ta yau da kullum bata bayarwa, suna take faɗa banda jin magani.

Ɗan_GC ya rubuta:

Gawa ma shaida ce Malam, mutumin da ƙashinsa ke ruɓewa wata uku kuma duk shukar da akayi babu tsiro, ko sunan wanda ya mutu a wurin aka baka ka samu bakin zare. PCR ɗin da ka ambata ma ai gawar take karantawa. Amma maganar gwajin magani kam ka fini gaskiya.

Ɗalibar_lab ta rubuta:

Kai Allah ya saka da alheri, yanzu kam sun rabu min a kai. Malam saura ɗaya, tunda kace maki 2.0 an yarda, kenan duk abinda ya kai haka in rubuta kawai in sa hannu? Sannan jini fa, naji ance shi ana harbawa kai tsaye ba'a jiran faranti.

Tsohon_benci ya rubuta:

A'a fa, musamman a samfurin baki. Streptococcus mitis da oralis, waɗanda suke cike da bakin kowa, furotin ɗinsu ya yi kama da na Streptococcus pneumoniae mai jawo ciwon huhu sosai har na'ura takan baki pneumoniae da maki mai kyau alhali mitis ce. Sabbin rumbunan sun rage wannan, amma in ta fito miki daga mugunyar baki ki saka faifan optocin, sinadarin da ke hana pneumoniae tsiro, ko ki gwada ko tana narkewa a ruwan ɗaci kafin ki sa hannu. Dangin anginosus ma takan gane dangin daidai ta ruɗe tsakanin 'yan uwan uku. Kullum ki haɗa sunan da abinda kika gani a Gram da siffar koloni, in na'ura tace ƙwaya mai siffar sanda ce ke kuma ƙwallaye kika gani to koloni biyu kika haɗa a tsinke.

Jini eh, in kwalbar ta nuna tsiro ana wanke ƙwayoyin jinin a tace bakteriyar a harba, Bruker na da kit ɗin Sepsityper don haka, cikin awa ɗaya an samu suna. Yana yiwuwa ne saboda kwalbar ta riga ta yi aikin shukar, kuma yawanci ƙwaya ɗaya ce a ciki. Shi yasa mai kumburin muƙamuƙi da zazzaɓi mai zafi yana da kyau a ɗauki jininsa ma, wani lokaci sunan farko daga can yake zuwa kafin tulu ya buɗu.

Dakta ke kuma roƙona ɗaya, in kina zargin Actinomyces, kumburin nan mai tauri da yake ɓula ƙofofi a fata yana tsiyaya wata da watanni, ki rubuta a takardar da kika haɗo da samfurin. In ba'a rubuta ba yawancin lab rana ta biyar ko ta bakwai suke zubar da faranti, ita kuma lokacin ta fara leƙowa. In akwai 'yan tsaki-tsakin nan rawaya a mugunyar a turo dasu, mu murƙushe ɗaya tsakanin gilashi biyu mu rina, sauran mu wanke mu shuka. Kolonin Actinomyces israelii fari ne mai tudu-tudu da siffar turmin haƙori, yana manne wa faranti, shafa shi kai tsaye a faifan sau da yawa maki ƙasa yake bayarwa, sai an kankaro shi an jiƙa a etanol, a bi da fomik asid da asetonaitiril a juya a na'urar da ke wulwula samfur har gari ya kwanta, ruwan saman ake ɗigawa a harba.